Ruwa a Bayan Si Lazhar

Idan ka bi ta bayan kasuwar kifi a Mahdiya, ka wuce shagon mai ɗinkin raga, za ka ga wani gida mai hawa biyu da shuɗiyar ƙofa, an rubuta Otal Nauras a samansa. Kada sunan otal ya ruɗe ka. Masu hali ba sa kwana a nan, suna can manyan gidajen bakin yashi inda ake canza tawul kullum. Nauras na direbobi ne da 'yan koli da iyalan da suka ƙuntata wa kansu shekara guda don yara su ga teku. Banɗaki ɗaya ne a kowane hawa. Zannuwan gadon sun sha wanki har sun koɗe, amma ba a taɓa samun wanda ya ce ya ga datti a jikinsu ba, domin Lalla Shadliya ce ke wanke su, ita kuwa ba ta haɗa aiki da wasa. Ƙanenta Munsif shi ke zama a teburin zaure, yana miƙa makulli yana zuba surutu, kuma a ganinsa shi ke riƙe da otal ɗin.

A nan Si Lazhar yake sauka kowace shekara, bayan zafi ya wuce, baƙi sun watse, an kife kujerun bakin ruwa. Mu 'yan unguwa da mun hango shi yana tahowa daga tasha da tsohuwar jakarsa da kwalbar zuma a hammata, mun san lokacin tsinkar zaitun ya kusa. Mutumin Kasrin ne, can cikin tudu. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, irin ranƙwafawar wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan sitiyari. Ba ya iyo, ba ya kamun kifi. Kifin ma bai dame shi ba, ya ce duk ƙaya ce, a ba shi naman rago a huta. Kuma ɗaki ɗaya yake karɓa kullum, na ƙarshen lungu a hawan sama, wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabta.

"Si Lazhar, otal ɗin nan wayam yake," in ji Munsif duk shekara. "Ɗauki mai kallon ruwa mana, ko milim ba zan ƙara maka ba."

"Bar ni da bangona. Tekunku ba ya barin mutum ya yi barci."

"To me ya kawo ka? Bango ya ƙare ne a Kasrin?"

Sai ya yi murmushi ya karɓi makulli ya hau. Amsar tana nan, amma ba irin wadda ake ba Munsif ba ce. Si Lazhar ba don kwanakin da zai yi yake zuwa ba. Don safiyar da zai tafi yake zuwa.

Direban motar haya ne tun yana saurayi, farar bas ɗin nan mai jan layi, daga Kasrin zuwa Susa, wani lokaci Mahdiya, wani lokaci har Tunis. Kafin gari ya waye yake fita. Matarsa Haniya takan riga shi tashi, ta dafa masa shayi, ta naɗe masa burodi da zaitun. Idan ya sa ƙafa waje, sai ta biyo shi da wani shuɗin kofin kwano mai tsagaggen baki, ta watsa ruwa a bayansa, kamar yadda iyayenmu mata ke yi wa nasu idan za su kama hanya, don ya je lafiya ya dawo. Liman ya sha faɗa a huɗuba cewa wannan camfin tsofaffi ne, Si Lazhar kuma ya sha gyaɗa kai a sahun gaba. Amma ko sau ɗaya bai ce mata ta daina ba. Ba ya waiwayawa, ƙarar kawai yake ji, wani lokaci ruwan ya fantsamo masa a ƙafar wando. Idan sun kwana da faɗa, takan watsa da ƙarfi har ta jiƙa masa takalmi, shi kuma ya san an huce ke nan.

Wata safiya cikin sanyi ta tashi da ciwon kai, ta yunƙura za ta sauko daga gado.

"Kwanta abinki, Haniya," ya ce. "Ruwa dai? Allah ne mai tsarewa."

"To ka zuba wa kanka," ta ce daga cikin bargo, tana dariya.

Shi ma ya yi dariya ya fita. Ya kai fasinja Susa, ya yi lodi ya juyo. Maƙwabta ba su kira shi ba, domin ba a gaya wa direba irin wannan labari yana ɗauke da rayukan mutane. Da ya karyo kwanar layinsu da yamma, sai ya tarar an jera kujeru a ƙofar gidansa. Ya dawo kam, lafiya lau, ko taya bai fashe ba. Wadda zai dawo wa ce babu.

Ya san ruwa ba ya kashewa ba ya rayawa, kuma da wani ya ce masa rashin ruwan ne ya jawo da sun ɓata. Amma sani daban, abin da ke zaune a ƙirjin mutum daban. Tun daga ranar, duk fitar da ya yi, kunnensa na bayansa, yana jiran ƙarar da ba za ta zo ba. Ya ja ƙofa, ya kulle da kansa, ya bi layi shiru. Kofin yana nan a kan taga inda ta bar shi.

'Ya ɗaya suka haifa, Wafa, tana aure a Tunis, tana aiki a kantin magani. Yarinya ce mai kirki, ban ce ba ta son ubanta ba, sai dai irin 'ya'yan yanzu ne da sai ka buɗe baki ka faɗi abu kafin su gan shi. Wata rana da zai baro gidanta ya ɗan gwada.

"Uwarki da ita ce, da yanzu ta jiƙa mini wando."

"Haba Baba, daga saman benen nan? Ai sai in wanke wa mutanen ƙasa shanyarsu, su kai ni ƙara."

Ta sumbace shi a goshi, ta tura masa kwalin magani a aljihu, ta rufe ƙofa. Bai sake tayar da maganar ba.

Shekara ta zagayo bayan rasuwar Haniya, injin motarsa ya buga a Mahdiya. Bakanike ya ce sai an kawo kaya daga Safakis. Wani direba ya nuna masa Nauras, ya ce akwai arha kuma babu kuɗin cizo. Ya yi 'yan kwanaki a ɗakin bangon nan, bai yi magana da kowa ba sai Munsif, shi ma don Munsif ba ya barin mutum. Ranar da mota ta tashi, ya sauko bayan sallar asuba, gari ya fara haske. Akwai wata mace a zaure, gajera, ta ɗaure kai da baƙin gyale, riƙe da kofi. Ya yi mata sallama, ta amsa can ƙasa. Ya fita. Bai yi taku uku ba ya ji facal a bayansa, sanyi ya taɓa masa dunduniya.

Bai waiwaya ba. Ya tafi har inda motar take, ya shiga, ya kasa sa makulli. Ya kifa kai a sitiyari ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Daga nan ne fa. Da ido ya fara ba shi matsala ya sayar da motar, amma Mahdiya bai fasa ba. A gida zaman kaɗaici yake yi, shi da rediyo da wata kyanwar maƙwabta da ke zuwa idan ta ga dama. A Nauras ma, in za a faɗi gaskiya, kaɗaicin ne, sai dai na nan yana da ranar ƙarewa. Ya yi sallar asuba a ɗaki ya koma barci, wai yana rama bashin barcin da hanya ta ci masa. Sai hantsi ya sauko ya sha lablabi, romon waken nan mai yaji, a rumfar da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Ya zauna a gidan shayi kusa da masu karta, ba ya yi, ba ya sa baki, su ma sun saba da shi kamar yadda aka saba da kujera. Da la'asar ya taka zuwa maƙabartar da ke gangaren teku, ya yi wa mutanen da bai sani ba Fatiha. Yakan fito da wayarsa ya duba ya mayar.

Tsakaninsa da Lalla Shadliya, matar nan mai kofin, kuwa, gaisuwa ce kawai. Ya san mijinta ya rasu tun da daɗewa, bai san komai bayan wannan ba, bai kuma tambaya ba. Zumar da yake kawowa daga tudu Munsif yake miƙa wa, ya ce, "Ka ba Lalla." Bai taɓa yi mata godiya a kan ruwan ba. A ganinsa abu ne da magana za ta ɓata shi. Mace ce mai hankali, ta dubi baƙo ta gane ba shi da mai zuba masa, ta zuba, shi ke nan. Idan ya gode, gobe ya zama dole a kanta, shi kuma ruwan dole ko na roƙo ba shi yake nema ba. Duk shekara, ranar tafiyarsa, zai sauko gari na fara haske ya same ta a zaure da kofi a hannu, ya ce a ransa, ga ta nan tana jirana. Ya fita, ya ji ƙarar. Wannan ƙarar ce ke riƙe shi har wata shekara.

Bana da ya zo, kowa ya ga ba daidai yake ba. Ya rame, leɓɓansa sun yi duhu. Matakalar da yake hawa yana amsa wa Munsif baƙar magana, sai da ya huta a tsakiyarta. Likitocin Tunis sun duba shi sun ce sai an buɗe ƙirji an gyara masa hanyoyin jinin zuciya, har an sa rana. Wafa ta ce ya taho gidanta kai tsaye ya huta kafin ranar.

"Zan biya ta Mahdiya tukuna."

"Baba, Mahdiya ba a kan hanya take ba."

"Ni za ki koya wa hanya?"

Tsoro yake ji, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa. Mutumin da ya ga haɗurra iri-iri a titi, ya ciro mutane daga cikin ƙarfe da hannunsa, ga shi yana tsoron gadon asibiti. Ya tabbatar wa kansa abu ɗaya. Ba zai tafi wannan tafiya da busasshen wando ba. Daga ƙofar Nauras zai kama hanyar asibiti, ko a kan hanya take ko ba a kan hanya ba.

Ciwon ne ya tona komai. Kwanciya ta daina yi masa daɗi, da ya miƙe sai numfashi ya tsaya masa a wuya. Barcin safen da ya saba ya gagara. Kwana biyu da zuwansa, bayan ya yi asuba, ya lallaɓo ya sauko zaure don ya sha iska, ya zauna a kujerar lungu bayan firjin lemo. Can sai ga Lalla Shadliya da kofinta. Ba ta gan shi ba. Ta buɗe ƙofa, ta tsaya tana kallon layin da ya gangara zuwa tashar jirage, bakinta na motsi. Sannan ta watsa ruwan. Ta ɗan jima a tsaye, ta rufe ƙofa ta koma ciki.

Si Lazhar ya leƙa. Babu kowa a layin sai kyanwa. A otal ɗin ma shi kaɗai ne baƙo, sai wani mai tallar barguna da ke ta minshari a sama.

Ya ce a ransa wataƙila ta rikita ranaku, ta ɗauka yau zai tafi. Washegari ya sake saukowa. Ta sake fitowa, ta sake watsawa, a bayan babu kowa.

Da hantsi ya sami Munsif yana karyawa, yana dangwala burodi a man zaitun.

"Munsif, ruwan nan da yayarka ke zubawa da safe, na mene ne?"

"Au, sai yau ka gani? Lallai kana barci. Na Sabri ne."

"Wane ne Sabri?"

Munsif ya ajiye burodin. Ba kasafai fuskarsa ke zama babu dariya ba. "Ɗanta. Shi kaɗai gare ta. Ya gama makaranta ya zauna, ba aiki, yau ya bi jirgin kamun kifin sadin gobe ya yi dako. Rannan suka haɗa kai da samarin unguwa suka hau ƙaramin jirgin ruwa, wai Italiya za su. Bai gaya mata ba, ya san za ta kwanta a bakin ƙofa. Ta tashi da safe ta ga gado babu kowa. Ka san abin da ta fara cewa? Ba ta ce don me ya tafi ba. Cewa ta yi, bai bari na zuba masa ruwa ba. Ta ɗauki kofi ta fita ta zuba, wai ko a makare ne. To har yau ba ta fasa ba."

"Ba labari?"

"Ba gawa, ba waya, ba komai. Tun kafin ka fara zuwa nan."

Da Si Lazhar ya bar maganar a nan da ya tsira da mutuncinsa, amma bakinsa ya riga shi.

"To ni fa? Ranakun da nake tafiya?"

Munsif ya dube shi, sai dariya ta ƙwace masa. "Kai, Si Lazhar! Wato kai ka ɗauka kai ake..." Bai ƙarasa ba. Ya ga fuskar mutumin, dariyar ta mutu a bakinsa. Ya jawo farantin ya ce, "Zo mu ci," amma Si Lazhar ya riga ya fita.

Ranar bai sha lablabi ba, bai je wurin masu karta ba. Ya tafi can bayan maƙabarta ya zauna a kan dutse, iska na kaɗa masa kwat. Kunya ce ta fara kama shi, mai zafi, har kunnuwansa. Tsoho da furfura, shekara da shekaru yana ratsa rabin ƙasa yana cin abincin da aka ajiye wa wani, yana lashe baki. Bayan kunyar sai wani abu ya biyo, wanda ya fi ta nauyi. Ashe tun safiyar da ya ce wa Haniya ta kwanta abinta, babu wanda ya sake damuwa ko ya dawo ko kada ya dawo, irin damuwar da ke tayar da mutum daga gado ya ɗebo ruwa. Ya dubi tekun da bai taɓa so ba. Ya yi tunanin yaron da bai sani ba, ya yi masa addu'a, ya rasa ma wace iri zai yi, ta rayayye ko ta mamaci.

Ba mutum ba ne mai barin abu a ciki idan ya ga ya ci haƙƙin wani. Kashegari da rana ya same ta a tsakar gida tana shanya zannuwa.

"Lalla Shadliya, gafara na zo nema."

"Ka fasa wani abu ne?" ta ce, ba ta juyo ba.

"A'a. Ruwan ɗanki. Duk shekarun nan ina shiga gabansa. Wallahi ban sani ba. Na ɗauka nawa ne."

Ta tsaya da zane a hannu. Ta dube shi sama da ƙasa, kallon da ba na fushi ba, ba kuma na tausayi ba.

"Ina ganinka dai," ta ce. "Nakan ce a raina, mutumin tudu, bai iya kauce wa ruwa ba. Wata shekara ma da na jiƙa maka wando na so in ba ka haƙuri, sai na ga ko waiwayowa ba ka yi ba. Na ce to, kurma ne."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Sai ya tsinci kansa yana ba ta labarin Haniya, da shuɗin kofi, da kujerun da ya tarar a ƙofar gida. Bai taɓa ba kowa wannan labari ba, kuma bai iya ba da shi ba, yana yi yana komawa baya. Ita kuwa tana ta matse zannuwa tana shanyawa. Da ya gama ta ce, "Allah ya jiƙanta." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ya juya zai tafi, sai ya tuna. "Zumar dai tana yi miki daɗi?"

"Wace zuma?"

Daga zaure aka ji Munsif ya kama tari.

Maganar asibiti kuwa bai yi mata ba. Da ya yi, ya zama roƙo. Sai dai ya kashe wayarsa tun ranar da ya zauna a kan dutse, Wafa ta kira ta kira ba ta samu ba, hankalinta ya tashi, ta nemo lambar otal. Munsif ne ya ɗauka. Ta gaya masa komai, ta roƙe shi ya tabbata Baba ya hau motar farko ta safiyar Lahadi. Cikin Munsif kuwa ba ya riƙe magana, ko ta minti ɗaya. Kafin la'asar yayarsa ta ji, mai lablabi ya ji, mu ma mun ji.

Ran Lahadi Si Lazhar ya yi asuba, ya haɗa jakarsa, ya gyara gadon da kansa. Ya tsaya ya dubi bangon maƙwabta ta taga, ya ja labule. Ya riga ya yanke abin da zai yi. Zai jira a kan matakala har ta zuba wa ɗanta ruwansa cikakke, ba tare da wani tsoho ya tare hanya ba, sannan ya fita. Ya sauko a hankali ya zauna a tsakiyar matakala, jaka a kan cinya. Daga nan yana hango zaure.

Ta fito da kofin. Ta buɗe ƙofa. Ta tsaya.

Ya jira, ba ta zuba ba. Gari na ƙara haske, ana jin masu kifi sun fara jan akwatuna a kasuwa. Ita tana tsaye, shi yana zaune, ba wanda ya motsa.

"Si Lazhar," ta ce, ba ta juyo ba, "hannuna ya gaji."

"Ki zuba abinki, Lalla. Ina jira ki gama."

"Ni ma jira nake. Sauko ka fita."

Ya sauko, amma ya tsaya a bayanta. "Na Sabri ne. Na ci masa da yawa."

"Kai ba ka jin magana? Mota za ta tafi ta bar ka."

"Ban roƙa ba, Lalla."

"Wa ya ce ka roƙa?" Ta juyo yanzu. Idanunta a bushe suke. "Tun jiya nake tunani. Shekara nawa ina zuba ruwan nan. Wanda nake zuba wa bai dawo ba. Maƙwabta sun ce na haukace, wannan sakaran ƙanen nawa ma ya ce in daina ɓarnar ruwa. Ni kaina akwai safiyar da nakan ce, Shadliya, hannunki ba shi da albarka. Ashe akwai wanda yake ta dawowa ban lura ba. Ko niyyarka ban yi ba, amma duk shekara sai ka dawo. Kai kaɗai ne ruwana ya taɓa dawowa da shi."

Si Lazhar ya ajiye jakarsa a ƙasa.

"Saboda haka ka je su yanka ka su ɗinke, ka dawo. Ba don kai na ce ba. Idan ba ka dawo ba, ban san da wane ƙarfi zan sake ɗaga kofin nan ba." Ta matsa gefe ta ba shi hanya. "Kuma zumar, a hannuna za ka sa ta."

Ya ɗauki jakarsa. Ya sa ƙafar dama waje, ya ce bismillah. Taku ɗaya, biyu, sai ya ji ta, facal, da ƙarfi, irin na safiyar da aka kwana da faɗa. Ruwan ya jiƙa masa ƙafar wando har cikin takalmi. Bai waiwaya ba.

A tasha ya sami kujerar bayan direba. Wani matashi ne ke tuƙi, mai son taka birki a kan kwana, abin da Si Lazhar ba ya iya gani ya yi shiru, amma ranar ko uffan bai ce ba. Ba wanda ya san shi a motar. Wata mata a gefensa tana barci da kwandon ƙwai a cinya, rediyo na ta labarin farashin zaitun. Suka bar gari, teku ya koma hannun dama yana ɓuya yana fitowa. Sanyin safiya ya sa direban ya kunna na'urar ɗumama mota, iska mai ɗumi ta fara hurowa daga ƙarƙashin kujera. Si Lazhar ya sunkuya ya taɓa ƙafar wandonsa, ya ji har yanzu da danshi. Sai ya janye ƙafar zuwa jikin ƙofa, inda ɗumin ba ya kaiwa, don kada ya yi saurin bushewa.